Horo, gasa, mujalla ko sayarwa a WhatsApp: wanne ya dace da ɗalibin jami'a mai rubutu a Legas?

'Yar yayata ce ta tayar da maganar nan. Tana aji biyu a LASU can Ojo, gida kuma Agege, to ranar Asabar na je gaida Yaya sai ta tsare ni a falo da waya a hannu, ta ce "Kawu don Allah raba min gardama. Ina da gajerun labarai uku, ɗaya na Hausa biyu na Turanci, ƙawata ta ce in buɗe guruf a WhatsApp in fara sayarwa, wani ɗan ajinmu ya ce feloshif, wato shirin horo ko tallafi ga marubuta, ake yayi yanzu in je in cike fom, ni kuma raina yana kan Hikayata, gasar gajerun labarai ta BBC Hausa." Na ce mata kin haɗa abubuwa uku da ba jinsinsu ɗaya ba, kamar ki ce za ki zaɓa tsakanin makaranta da kasuwa da kokawa. Muka zauna har aka kira magariba ba mu gama ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi a tsanake, don na san akwai irinta da yawa a UNILAG da Yabatech da LASU, yaranmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende masu rubutu a waya cikin danfo amma ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba.

Abin da zan auna kowace hanya da shi

Na farko kuɗi, abin da zai fita daga aljihunka da abin da zai iya shigowa. Kuma a Legas kuɗin mota da data su ma kuɗi ne, wanda ya ce maka taro kyauta ne bai taɓa tashi daga Ojo zuwa Victoria Island ya dawo ba. Na biyu ɗorewa, wato bayan shekara biyar me zai rage a hannunka. Na uku sauƙin shiga, da yadda abin zai zauna da lakca da tes da jarrabawa. Na huɗu haɗari. Sai na ƙara na biyar wanda ya shafe mu mu kaɗai, wato harshe, domin ƙofofi da yawa Turanci kawai suke ji, kuma gara ka san haka tun kafin ka ɓata wata guda kana shiri.

Akwai kuma ƙa'ida ɗaya da ta ratsa duka, in ba ka riƙe komai ba ka riƙe ta. Yawancin gasa da mujallu ba sa karɓar labarin da aka taɓa fitarwa, kuma sakawa a Facebook ko Wattpad, manhajar saka labarai, ko guruf ɗin jama'a yawancinsu fitarwa suke ɗaukarsa. Ke nan tsarin da ka bi yana da muhimmanci fiye da zaɓin kansa. Labarin da ka aika gasa bai ci ba kana iya sayar da shi a WhatsApp gobe, amma wanda ka riga ka watsa a WhatsApp ya rufe wa kansa ƙofar gasa.

Hanya ta ɗaya: samun mai jagora

Wannan ita ce mafi rashin armashi a ido, babu kambu babu hoto da babban ceki, amma ni a wurina ita ce gaba. Ɗalibi ba rashin masu karatu ke damunsa ba, rashin wanda zai ce masa "wannan sakin layin bai yi ba, cire shi" ne. Abokai da 'yan guruf sai dai su ce maka "wayyo daɗi, a ci gaba don Allah", wannan ba ya gyara rubutu.

Wanda na fi ba da shawara ga mai Turanci shi ne SprinNG Writing Fellowship. Ta intanet ake yi, mako shida, kyauta, an tsara shi don matasa 'yan shekara 18 zuwa 25, ana haɗa ka da marubuci guda da zai riƙa duba aikinka yana ba ka aikin gida. Sunansa feloshif amma ainihinsa horo ne, ba albashi ake biya ba, kar ka shiga da lissafin kuɗi. Abin da zai ci maka data ne da lokaci, kuma mako shida in ya faɗo daidai da jarrabawa za ka ji a jikinka.

Sai ƙungiyar marubuta ta ƙasa, ANA, wadda Chinua Achebe da wasu suka kafa a 1981. Tana da rassa a jihohi, har da Legas, ana zaman karatu na wata-wata inda za ka miƙe ka karanta naka a yi maka gyara a gaban jama'a. Yana da ɗaci ranar farko. Reshen Legas dai Turanci ya fi yawa, wanda ke son a tace masa Hausa sai ya nemi alaƙa da marubutan Kano ko Kaduna ko Katsina, kuma yanzu yawancin ƙungiyoyin marubutan Hausa suna da guruf, ba sai ka hau motar dare ba.

Mu da ke Legas muna da wata gata da na ga yaranmu ba sa amfani da ita. Bikin littattafai na Aké wanda Lola Shoneyin ta fara a Abeokuta a 2013 ya dawo Legas tun 2018. Ga LABAF, bikin littattafai da fasaha na Legas, da ake yi a Freedom Park cikin watan Nuwamba, ga bikin waƙoƙi na Lagos International Poetry Festival da aka fara a 2015. A irin wuraren nan ne za ka ga edita da idonka, ka ji yadda suke magana a kan rubutu, wani lokacin a haɗa da bita. Dabara ɗaya, nemi aikin sa-kai a bikin. Za ka ɗauki kujeru ka nuna wa baƙi hanya, amma ka shiga ba tikiti kuma ka san mutane. A Arewa kuma akwai KABAFEST na Kaduna tun 2017 da HIBAF, bikin littattafan Hausa da aka fara a Kaduna a 2021, in ya dace da hutu ya cancanci kuɗin mota.

Haɗarin wannan hanyar ba a cikin tsararrun shirye-shirye yake ba, yana wajen mai jagoran da ya naɗa kansa. Wani zai shigo miki inbos ya ce ya ga kina da baiwa zai riƙe hannunki, sati biyu ana maganar labari sati na uku an koma "turo min hotonki". Na faɗa wa 'yar yayata a gaban uwarta, duk malamin da gyaransa sai da dare kuma sai a keɓe, ki bar shi da iliminsa. Na biyu mai karɓar labarinka ya yi shiru, bayan wata shida ka gan shi da sunan wani. Ka riƙa aikawa ta imel don kwanan wata ya zama shaida.

Hanya ta biyu: zaman rubutu da tallafin kuɗi

Nan ne ɗan ajin nasu ya ruɗa ta. Abin da ake kira feloshif na gaske, mai masauki ko mai kuɗi, yawanci ba don mai farawa aka yi shi ba, an yi shi ne don wanda ya riga ya nuna aiki kuma yana da littafi a hannu da yake son ƙarasawa.

Mafi kusa da mu shi ne Ebedi International Writers Residency a Iseyin ta jihar Oyo, wanda Dakta Wale Okediran ya kafa a 2010. Ana ba marubuci ɗaki ya zauna kamar mako shida ya yi ta rubutu, shi kuma ya ware 'yan awoyi yana koyar da 'yan sakandaren garin. Zuwa ba wuya, ka hau jirgin ƙasa daga Ebute Metta ka sauka Moniya ta Ibadan, daga nan titi ya miƙe zuwa Iseyin. Matsalar ɗalibi ita ce mako shidan nan na jiki ne ba na waya ba, sai dogon hutu, ko kuma Allah ya kiyaye irin yajin aikin ASUU na 2022 da aka yi wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba ana zaune. Ga 'ya mace kuma akwai batun izinin gida, ni na san Yaya, kafin ta yarda 'yarta ta je garin da ba mu da kowa ta yi wata ɗaya da rabi sai an kai ruwa rana. Kafin ka nema ka tambayi batun abinci da kuɗin mota dalla-dalla.

Can sama kuma akwai tallafin Miles Morland na Ingila, fam 18,000 a shekara ga mai rubuta ƙagaggen littafi, ana biya wata-wata. Kowa ya ji kuɗin sai ya miƙe zaune. Amma sharaɗin shi ne sai ka nuna rubutunka da aka riga aka buga, littafin da Turanci za ka rubuta, kuma duk wata sai ka miƙa kalmomi 10,000. Ka haɗa wannan da furojet ɗin aji huɗu ka gani. Ban kawo shi don ka nema bana ba, na kawo shi ne don ka ga dalilin da ya sa hanya ta huɗu da ke ƙasa take da amfani, ita ce ke samar maka da abin da za ka nuna.

Ta fuskar ɗorewa kam, babu kamar wannan hanyar, sunan yana bin ka a takardar neman aiki da neman digiri na biyu a waje. Haɗarinta kuma na bogi ne. Duk feloshif ɗin da ya ce an zaɓe ka alhali ba ka nema ba, ko ya ce turo kuɗin biza ko na rajista zuwa asusun mutum, rufe shafin kawai.

Hanya ta uku: gasa

Nan zan daɗe saboda nan ne Hausa take da kujera a gaba.

Hikayata ta BBC Hausa an fara ta a 2016 a matsayin gasar gajerun labarai ta mata zalla. Labari tsakanin kalmomi 1,000 zuwa 1,500, shiga kyauta ta imel, ana fitar da uku na farko a ba su kuɗi da lambar yabo, sannan a zaɓi wasu goma sha biyu da suka cancanci yabo, kuma ana karanta labaran a rediyo. Wannan karantawar a wurina ta fi kuɗin, domin kakarki da ke ƙauye wadda ba ta san Wattpad ba za ta ji sunanki. Kuma ɗalibai suna ci, ba labari ba ne, a 2021 Aishatu Musa Dalil ta zo ta ɗaya tana da shekara 18 tana ɗaliba a jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ta Katsina. A 2022 kuma Amira Souley daga Maraɗi ta ɗauka, wato ba a ce sai 'yar Kano ba, 'yar Agege ma tana da hurumi. Sharuɗɗa na shekaru da waɗanda aka yarda su shiga da yawan kyauta suna canzawa, saboda haka karanta sanarwar shekarar da kanka, kar ka dogara da abin da aka tura a guruf.

Abin da zan ja kunnen yaran Legas a kai shi ne ƙa'idar rubutu. Hausarmu ta nan ta sha Yarbanci da Turancin buroka, a baki ba laifi, har ma tana iya zama gishirin labari in ka sa ta a bakin wanda ya dace. Amma alƙalai suna duba raba kalma da haɗe ta, suna duba ƙ da ɗ da ɓ. Wanda ya rubuta "yace" da "zanje" a haɗe tun daga layin farko ya fara da bashi. Wannan gyaran na sati biyu ne in ka samu wanda ya karanta Hausa ya zauna da kai. A ɗaya ɓangaren kuma kana da abin da ɗan Kano ba shi da shi: rayuwar mai sayar da tumatir a Mile 12, ɗan acaɓan da aka hana shi hawa manyan tituna, yarinyar da aka haifa a Idi-Araba in ta je Arewa a ce mata Bayarabiya in ta dawo a ce mata aboki. Labaran nan ba su cika fitowa a rubutun Hausa ba, kuma alƙali ya gaji da kishiya da uwar miji.

Mai waƙar Turanci yana da Nigerian Students Poetry Prize na ƙungiyar Poets in Nigeria, wanda aka fara a 2016 musamman don ɗaliban manyan makarantu. Alfanunsa shi ne da sa'anninka kake karawa, ba da farfesa mai littafi goma ba.

Commonwealth Short Story Prize kuma kyauta ake shiga, daga shekara 18, labarin da ba a taɓa bugawa ba mai kalmomi 2,000 zuwa 5,000, ana buɗewa 1 ga Satumba a rufe 1 ga Nuwamba. Gwarzon yanki, wato Afirka a wurinmu, fam 2,500, gwarzon duka fam 5,000. Suna karɓar labarin da aka fassara zuwa Turanci daga wani harshe, ke nan labarinka na Hausa yana iya shiga ta wannan ƙofar in ka samu fassara mai kyau. Dubban mutane ke shiga, to ka aika ka manta.

Mai cikakken littafi da ba a buga ba yana da Quramo Writers' Prize a nan Legas, naira miliyan ɗaya ga na ɗaya. Su Caine Prize mai fam 10,000 kamfanin da ya buga labarin ne ke aikawa ba kai ba, kyautar adabi ta kamfanin gas na NLNG mai dala 100,000 wadda Abubakar Adam Ibrahim ya ci a 2016 ita kuma ta littafin da aka riga aka buga ce. Waɗannan na gaba ne.

Aibin gasa a fili yake, mutum uku ke dariya saura su koma gida, kuma ba wanda zai gaya maka dalilin faɗuwarka. In ba ka da mai jagora sai ka shekara uku kana maimaita kuskure ɗaya. Sannan a kula da ƙananan gasa masu karɓar kuɗin shiga da waɗanda ake cin su da yawan "like", waɗannan talla kake yi wa mai shafi. A karanta sharaɗin haƙƙin mallaka ma, wasu da ka aika labarin ya zama nasu ko ka ci ko ba ka ci ba.

Hanya ta huɗu: mujallun intanet da jaridar makaranta

Wannan ita ce tsanin da kowa ke tsallakewa. Brittle Paper, Isele, Lolwe, Agbowó, Omenana ga masu labaran aljanu da kimiyya da abin da ba a saba ba, The Republic a nan Legas ga masu sharhi mai zurfi. Aikawa yawanci kyauta ne, ta imel ko ta Submittable, shafin aika rubutu ga mujallu, wasu suna biyan ɗan abin da ya samu wasu ba sa biya. Ba kullum ƙofa take buɗe ba, kowace tana da lokacin karɓa, sai ka bi shafinsu.

Abin da za ka samu shi ne edita na gaske ya bi rubutunka layi-layi, da adireshin intanet da za ka iya nunawa gobe ka ce ga aikina. Wannan shi ne kuɗin shiga hanya ta biyu. Abin da za ka biya kuma haƙuri ne, wata biyu wata uku kana jira a ƙarshe a ce "mun gode amma bai dace da mu ba". Na farko yana da zafi, na biyar ka saba. In mujalla ta yarda a aika labari ɗaya wurare da yawa lokaci guda to ka yi, amma da ɗaya ta karɓa ka sanar da sauran nan take.

Gaskiyar da ba daɗi, kusan dukkansu Turanci ne. Mai Hausa zalla sai ya duba filayen adabi na jaridu irin su Aminiya da shafukan marubutan Hausa.

In kuma abin da ke jan ka labarin gaskiya ne ba ƙagagge ba, to fara daga ƙungiyar 'yan jarida ta makarantarku. Jaridar The Nation ta daɗe tana da filin Campuslife na rahotannin ɗalibai, cibiyar CJID ta Abuja kuma tana da shirin Campus Reporter da ke horar da ɗalibai aikin jarida. Cikin duk hanyoyin nan wannan ce ta fi saurin kai mutum ga aikin albashi. Haɗarinta shi ne hukumar makaranta, in za ka rubuta a kan hostal ko malami ka tabbata kana da hujja a hannu kuma ka ji ta bakin ɗaya ɓangaren, don takardar shaidarka tana hannunsu.

Hanya ta biyar: ka fitar da kanka

Shawarar ƙawarta ke nan, kuma ba zan raina ta ba don na san matan da ke biyan kuɗin makaranta da ita. Ka fara sakin shafukan farko kyauta, in labari ya kama mutane ka ce ci gaba sai an biya 'yan ɗaruruwan naira a shiga guruf, ko ka ɗora a manhajar sayar da littattafai ta ArewaBooks, ko Wattpad don tara masu karatu. Babu edita babu alƙali babu jira, kuma Hausa ce sarauniya a nan. Magajiyar adabin kasuwar Kano ce, ta tashi daga teburin mai littafi ta koma waya.

Sai dai tana da ci. Masu karatu sun biya, kullum suna jiran sabon shafi, ranar da kika ce kina da tes za ki ga saƙo ɗari. Rubutun kullum ba tacewa yana koyar da sauri da riƙe mai karatu, amma yana koyar da jan labari ba dalili. Ga sata, mutum ɗaya ya biya ya kwafe ya watsa a guruf goma, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana nan amma wa zai kai lambar waya kotu. Ga kuma rashin tabbas na dandalin kansa, OkadaBooks da marubutanmu da yawa suka dogara da shi ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Kullum ka ajiye kwafinka a imel da wani wuri daban.

Bugawa a takarda kuwa, Shomolu da Mushin cike suke da maɗaba'a, lambar ISBN ta shaidar littafi kuma daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samu. Ni na taɓa yi ina aji uku, na tara kuɗin da na samu a hutu na kai wa wani mai buga littafi da ya yi min alƙawarin tacewa da rarrabawa, aka kawo min kwali biyu duk ƙ da ɗ sun koma akwatuna don kwamfutarsa ba ta san su ba, rarrabawa kuma ashe ni ne zan yi. Rabin littafin yana ƙarƙashin gado har na gama makaranta. Farashin takarda dala yake bi, ga ɗalibi wannan ita ce hanya mafi tsada kuma mafi saurin jawo nadama.

Ga su a jere

| Hanya | Kuɗin da za ka kashe | Abin da zai shigo | Ɗorewa | Sauƙin shiga | Babban haɗari | Hausa |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Mai jagora da bita | data da kuɗin mota | babu | sosai, gyaran yana bin ka | da sauƙi | malamin bogi | sai ka nema |
| Zaman rubutu da tallafi | kuɗin tafiya | masauki ko kuɗi mai kauri | sosai | da wuya ga mai farawa | karo da karatu, damfara | kaɗan |
| Gasa | yawanci babu | kuɗi ga mutum uku | in ka ci | aikawa sauƙi, ci wuya | faɗuwa ba bayani | akwai |
| Mujalla da jarida | babu | kaɗan ko babu | sosai | matsakaici | jira da ƙi | kaɗan |
| WhatsApp da manhaja | data da caji | kuɗi nan take in an karɓe ka | rauni | mafi sauƙi | sata, gajiya | sosai |
| Buga takarda | mai yawa | ba tabbas | littafi a hannu | in da kuɗi | kwali a ƙarƙashin gado | akwai |

To wa ya dace da wanne

In labaranka ba su kai biyar ba kuma ba wanda ya taɓa yi maka jan biro, nemi mai jagora tukuna, SprinNG in Turanci ne, ƙungiyar marubuta in Hausa ne, sauran duk su jira.

In kina rubuta Hausa kuma kina da labari guda da kika san ya fi sauran, ɓoye shi, kar ko ƙawa ta gan shi a guruf, a tace shi a kai Hikayata. Mai waƙar Turanci ya fara da gasar ɗalibai kafin ya ɗaga kai sama.

In burinka digiri na biyu a fannin rubutu a Amurka ko Ingila, ko tallafi irin na Morland, to mujallu ne aikinka daga yau har ka gama, ko uku ka samu suka fito sun isa ka fara nema da su. Ebedi kuma ka ajiye shi sai tsakanin gama makaranta da tafiya bautar ƙasa, lokacin ga lokaci ga littafi a hannu.

In matsalarka kuɗin makaranta ne na wannan zangon, ba zan ce maka ka jira babbar mujallar Ingila irin Granta ba. Buɗe guruf ɗinka, amma ka gama rubuta littafin kafin ka saki shafin farko don kar jarrabawa ta haɗa ka faɗa da masu karatu, kuma ka ware gajerun labaranka masu kyau kar su shiga ciki. Mai son aikin jarida ya je ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta ranar Litinin. Buga takarda kuwa sai in wata ƙungiya ko makaranta ta riga ta ce za ta sayi adadi kaza, ka buga daidai wannan adadin.

Ita 'yar yayar tawa ga yadda muka rabu. Labarin Hausan, na wata mai kitso ce a Agege, mun kulle shi, zan kai wa wani abokina da ya karanta Hausa a BUK ya bi mata ƙa'idar rubutu kafin a buɗe Hikayata. Ɗaya na Turancin za ta nemi SprinNG da shi, ɗayan ta gyara ta aika mujalla biyu. Guruf ɗin WhatsApp kuma ta ce ba ta haƙura ba, sai dogon hutu za ta zauna ta rubuta littafin gaba ɗaya. Yaya tana jin mu daga kicin ta ce ita dai duk abin da za a yi kar sakamakon jarrabawa ya sauka, kuma batun Iseyin kar ma a sake tayar mata da shi bana.